Inna Sa'a Mai Hoto

Malam Hambali malamin gona ne a ƙaramar hukumar Kabo, amma wanda ya san shi sosai ya san hankalinsa ya fi karkata ga wata baƙar kyamara mai ido biyu fiye da taki da irin shuka. Irin kyamarar nan ce da ake ratayawa a wuya ta sauka a kan ciki, a buɗe murfin samanta, a sunkuya a leƙa. Ya same ta a shekarar 1984 a hannun Malam Tony, mutumin Filato da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Lokacin ana tsakiyar tsuke bakin aljihu, ana bin layin sabulu da madara, fim ya gagari Tony, sai ya ce gara ta koma hannun wanda zai riƙa kula da ita. Ya haɗa masa da ɗan tankin wanke fim da faranti uku, ya kuma koya masa aikin a ranakun Asabar har ya iya.

Abin da Hambali bai taɓa samu ba shi ne injin ƙara girman hoto. Saboda haka shekara goma sha takwas yana fitar da hotuna 'yan ƙanana, kowanne bai fi tafin hannun jariri biyu ba. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ɗauka, shi ma sai an je Kano an sha yawo kafin a samo. Ba ya ɗaukar hoton kuɗi. Gonaki yake ɗauka, da ranar kasuwa, da duk wanda ya tsaya masa.

Ɗakin wankin hotonsa tsohon sito ne a sashen mahaifiyarsa, Inna Sa'a, wadda ta shekara arba'in tana ƙuli-ƙuli kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta kiran sunansa, tunda shi ne ɗan fari, sai dai ta ce Malam. Kuma ba ta ɓoye ra'ayinta a kan wannan ɗaki.

"Mutum da girmansa ya shige ɗaki da rana tsaka, ya toshe taga da bargo, ya ƙarar min da ruwan randa, ya fito yana tsami," in ji ta. "Wai shi aiki yake."

Wata Asabar da hantsi, Hambali ya shiga duhu ya naɗe fim a cikin tanki, ya rufe, ya fito tsakar gida. Ya tsiyaya maganin wankin a ciki, ya ɗaga hannu zai duba agogo, sai ya ga allurar a tsaye. Ya girgiza shi, ya buga shi a gwiwa, ko motsi. Maganin kuwa ya riga ya fara ci. Minti tara ake so. In ya gaza, hoton ya fito fayau ba a ganin komai. In ya wuce, ya ƙone. Matarsa Zubaidatu ta tafi barka, gidan ba kowa sai Inna Sa'a a kan tabarma da carbinta.

Nan take ya tuna wani abu. Kullum da safe in aka fara labaran rediyo na minti goma, Inna takan fara istigfari, kuma daidai lokacin da mai labarai ke sallama take ƙarasa zagaye na bakwai. Ya sha lura da haka yana shan koko.

"Inna, don Allah ki taimake ni. Fara istigfari yanzu, yadda kika saba. In kin yi zagaye shida ki gaya min."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Carbin nawa za ka mayar agogo?"

"Ladan naki ne, Inna. Ni minti taran kawai nake so."

Ta yi tsaki, amma ta fara ja. Shi kuma yana tsugune yana juya tankin a hankali, yana satar kallon yatsunta. Ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Da ta kai ƙarshen na shida ta ce, "To, sauke girkinka."

Ya zubar da maganin, ya zuba na tsayarwa, ya bi da na kamawa, ya ɗauraye. Da ya warware fim ɗin ya ɗaga shi a rana, sai ya fashe da dariya. Rabon da ya ga fim ya fito tas haka har ya manta.

"Kawo in ga abin da na dafa," in ji Inna.

Ta riƙe gefen fim ɗin ta ƙanƙance ido. "Wannan ba akuyata ba ce? Yaya aka yi ta zama fara? Ita da take baƙa ƙirin! Malam, ka lalata."

"Haka yake fara fitowa, Inna, a juye. Baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai an buga shi a takarda yake komawa daidai."

"Ban yarda ba."

"To in ya bushe ki shigo ki gani."

Bayan azahar, Inna Sa'a ta shiga sitonta karo na farko cikin shekaru. Hambali ya ja bargon ƙofa, ya kunna tocilan da ya naɗe da jan ƙyalle. Ya ɗora fim ɗin a kan farar takarda, ya danne da gilashi, ya haska da wata tocilan yana ƙirga biyar, ya kashe. Sannan ya tsoma takardar a farantin farko. Inna ta leƙa ta ga takarda fara fat.

"Ai ka gani, ba komai."

"Jira."

Sai wani dishi-dishi ya fara tasowa. Kunnuwa biyu suka fito, sannan ƙaho, sannan igiya da turke, ga akuya baƙa ƙirin ta juyo tana tauna. Inna ta dafe kafaɗarsa.

"La'ilaha illallahu! Ga ta nan tana fitowa! Har da tabon kunnenta!"

Ranar sai da ta ga an buga duka goma sha biyun. Daga nan Hambali ya gyara agogonsa, amma bai sake amfani da shi a wurin wanki ba, don Inna ta ce ita ba ta yarda da agogon da ya taɓa yin ƙarya ba. Duk ranar wanki tana nan da carbinta. Maganar ruwan randa kuwa ba a sake jin ta ba.

Ana haka bikin Kamila ya taso. Kamila ita ce babbar 'yar Hambali, ta gama kwalejin horon malamai, za ta auri Tasi'u, ma'aikacin lafiya a Gwarzo. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a unguwarsu ta tsayar da magana cewa namiji ba ya shiga taron mata, ko makaɗi ne ko mai hoto. Hambali na cikin waɗanda suka amince da hakan a masallaci, bai kawo a ransa cewa abin zai faɗo kan kyamararsa ba.

"Baba, yanzu ke nan ba ni da hoton lalle, ba ni da na kamu?" in ji Kamila. "Kai da ka ɗauki kowace gona a Dugabau da Durun?"

Zubaidatu uwar amarya ce, ranar ma ɓuya za ta yi. Aka gwada koya wa Naja'atu, babbar ƙawar amarya. Matsalar kyamarar ita ce abin da ke dama a hagu yake fitowa a gilashin leƙawa, in ka juya nan sai hoton ya gudu can. Naja'atu ta yi ta juyi a tsakar gida tana neman Kamila a cikin gilashi har jiri ya kwashe ta, ta miƙa kyamarar ta ce ita a bar ta da rabon alawa.

Inna Sa'a na zaune tana kallo. Ta ce, "Rataya min."

Kamila ta kwashe da dariya. "Tsohuwa, ke da ko rediyo sai an kamo miki tasha?"

"Ke dai yi shiru, mai kan ƙwarya. Malam, rataya min."

Ya rataya mata. Ta buɗe murfin, ta sunkuya, ta ɗan juya dama, ta tsaya, ta koma hagu a hankali. "Ai kamar madubi ne. Ga ta nan, da babban bakinta." Ta murɗa ɗan maɓallin gefe yadda ta saba ganin yana yi har fuskar ta fito sarai. Ashe duk watannin nan tana kallon hannunsa.

Kwana uku suna gwaji da kyamara ba fim a ciki. Ranar lalle da safe ya sa mata sabon fim, ya daidaita komai da hasken inuwar tsakar gida, ya jero mata dokoki. Kada ta taɓa ƙarfen nan biyu na gaba. Kada ta ɗauka a cikin ɗaki. Rana ta kasance a bayanta. In ta danna, ta murɗa hannun nan sau ɗaya.

"Goma sha biyu ne kacal, Inna. Amarya ita kaɗai huɗu. Amarya da ƙawaye a jere uku. Dangin ango uku. Namu dangin biyu. Ki sa su tsaya cak, su kalle ki."

"Na ji," in ji ta, ta gyara mayafi ta shige.

Hambali ya wuni a ƙofar gida yana karɓar baƙi, kunnensa na ciki. Malam Tony ya zo daga Gwarzo a kan babur, ya zauna kusa da shi yana cin goro. Da ya ji wa ke riƙe da kyamarar sai ya ajiye goron.

"Mama? Kyamarar da na yi wata uku kafin na daina yanke kan mutane a hoto?"

"Ka taya ni addu'a kawai."

A cikin gida kuwa ba wanda ya ɗauki Inna Sa'a da muhimmanci. Mata sun saba mai hoto ya ɗaga kyamara a ido ya ce kowa ya tsaya, sai a ɗaure fuska a gyara ɗankwali. Ita ko tsohuwa ce ta sunkuyar da kai tana kallon wani akwati a cikinta, kamar mai neman allura a zani. Wasu ma sun zaci wasa take. Tana bi gefe-gefe da sandarta, ta tsaya, sai a ji ɗan ƙas, ta wuce.

Kafin la'asar ta aiko da kyamarar waje, ta ce fim ya ƙare.

Sai da aka kai amarya, baƙi suka watse, sannan suka samu zama ranar Litinin. Inna ta ja zagaye shida. Hambali ya warware fim ɗin ya ɗaga, ya bi shi da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Inna, ina jerin ƙawayen?"

"Sun jeru, ban ga abin ɗauka ba. Kamar an kafa turame."

"Dangin ango fa?"

"Ga su nan a na bakwai, suna cin waina."

Ya shiga sito, ita kuma ta bi shi. Na farko ƙasa ce da ƙafar kujera, ta ce wannan hannunta ne ya zame. Na biyu amarya ce amma hoton ya yanke kanta daga gira. Da aka zo na uku Hambali ya ƙara sunkuyawa a kan farantin. Hannuwan Kamila ne a miƙe, wata dattijuwa na kwance mata ƙunshi, zanen lallen ya fito ɗaya bayan ɗaya. Na gaba, Kamila ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi tana harara da murmushi tare, irin kallon da take yi tun tana yarinya in an kama ta da laifi. Akwai Zubaidatu a bayan ƙyauren ɗaki, ta leƙo rabin fuska tana kallon 'yarta, ba ta san ana ganinta ba. Akwai mata huɗu a kan turmi ɗaya, taɓare biyu a sama. Akwai kuma Altine, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, a gaban tukunyar tuwo, ta ɗaga muciya ta wage baki tana dariya, haƙorinta guda ɗaya tilo yana haske.

Hambali ya jima yana kallon hoton Zubaidatu a cikin ruwa. Shekara ashirin da biyar suna tare, ya ɗauke ta ya fi sau talatin, bai taɓa samun wannan fuskar ba.

"Ya ƙone ne?" in ji Inna.

"Bai ƙone ba."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Ba komai, Inna. Miƙo min takarda."

Da Tony ya ga hotunan sai ya ce zunubi ne a bar su ƙanana haka. Ya ce akwai wani Ja'afaru da ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tashar Gwarzo, ya sayo sikana, injin da ke kwafe hoto ya sa shi a kwamfuta, daga nan a ƙara masa girma a buga. Hambali ya shirya zai tafi ranar Laraba, sai ya tarar da Inna a zaure da mayafinta na unguwa.

"Ina zuwa, Inna?"

"Wa ya ɗauki hotunan?"

Suka shiga motar Gwarzo, aka ba ta gidan gaba. A shagon an ɗauke wuta, sai da Ja'afaru ya ja janareto sau biyar ya tashi. Tony na can yana jiran su, ya miƙe ya ba ta kujera.

"Mama, sannu da zuwa. Yaya gajiyar biki? Yaya ƙafa?"

"Alhamdu lillahi, Malam Tony. Ina maiɗakinka Hanna da yara? Ka ce mata na ga kwanukan da ta kawo wa amarya, Allah ya bar zumunci."

Ja'afaru ya goge gilashin injin, ya kifa hoton farko, ya rufe. Wani haske ya bi ta ƙarƙashin murfin a hankali yana ƙugi. Sai ga hannuwan Kamila sun cika fuskar kwamfuta, har ana ganin zaren ƙunshin. Inna ta jawo kujerarta gaba.

"Malam Hambali, wannan aikin naka ya yi kyau," in ji Ja'afaru. "Sai dai bari in gyara maka. Wannan hayaƙin da ya shiga bayan mai tuwo zan iya share shi. In kana so ma in sa mata fulawoyi a gefe, ko Ka'aba a baya, mutane na so."

"Kada ka taɓa min hayaƙi," in ji Inna. "Sai da na jira ya taso na danna. Wa ya taɓa ganin tuwon biki ba hayaƙi?"

Ja'afaru ya juyo ya kalli Hambali. Hambali ya nuna ta da hannu. Tony na gefe yana dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ke kika ɗauka?" in ji Ja'afaru.

"Ban je ba tukuna, Inna ce. Ƙara masa haske kaɗan ta nan, fuskar ta yi duhu. Ya isa. Ka wuce, koma baya."

Haka suka yi awa biyu, tana nunawa da bakin sandarta, yana bi. Wanda kan amarya ya yanke ma ta ce a buga, tunda sarƙar ta fito. Aka buga tara a babbar takarda, aka zuba duka a faifai guda aka ba Hambali. Ja'afaru ya roƙi a bar masa na mata masu daka ya liƙa a bango. Ta ce sai ta tambayi masu shi, matan aure ne.

Daga shagon suka wuce gidan amarya. Kamila ta shimfiɗa hotunan a kan gado, ta yi ta kallo tana dariya, da ta zo kan na mahaifiyarta sai ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Amma dai tsohuwa kin yanke min kai."

"Na rage miki ne, ya yi yawa."

Labari ya riga su komawa Kabo. Washegari da hantsi Hambali na shirin fita aiki sai ga sallamar Altine, ta shigo da faɗa tun daga zaure.

"Sa'a! Ashe abin da kika yi min ke nan? An ce kin kai ni Gwarzo an sa ni a talabijin, baki a buɗe!"

Inna ta ɗauko hoton ta miƙa mata. Altine ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa. Ba ta taɓa ganin kanta a hoto ba. Ta daɗe tana kallo.

"Haƙorin nan dai," ta ce a hankali. "Amma kin ga muciyar, yadda na riƙe ta? Yaran yanzu ba su iya ba." Ta naɗe hoton a cikin zaninta. "Wannan na tafi da shi. Sai dai ki sake min wani, baki a rufe, in aika wa Sajo a Legas ya ga uwarsa da mutunci. Na zo da mayafina mai kyau."

"Ke kaɗai?"

"Su Fatsuma na zaure, su huɗu. Kunya suke ji."

Hambali ya riga ya rataya kyamarar, don ranar zai je duba gonar gwaji a Durun, ya sa sabon fim tun asuba. Inna ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya cire ya rataya mata.

"Inna, ki rage min ko huɗu. Masarar ta yi kyau bana."

"Uku. Kuma ka fita, mata za su shigo."

Ya tura babur ɗinsa waje, ya gaisa da su Fatsuma kansa a ƙasa. Yana ƙoƙarin tayar da shi ya jiyo muryar Inna daga ciki tana cewa a jawo tabarma inuwa, Altine ta zauna ta rufe bakin. Sai Inna ta faɗi wata magana da bai ji ba, gidan ya kaure da shewa, muryar Altine ta fi ta kowa.

"Sa'a, kin danna! Wallahi na ji kin danna!"